Dokin Sifawa a Bikin Birni

Akwai wata ambulan a ƙasan akwatin takarduna, ta yi ja don daɗewa, da hotuna 34 a cikinta. Fim ɗin mai cin 36 ne, biyu suka ƙone wajen wanki. A Sakkwato na ɗauke su, cikin watan Yuni na 2004, ranar babban hawan da aka yi na cikar Daular Usmaniyya shekara 200. Shekaru da yawa, duk baƙon da hira ta kai mu ga batun hawa sai na ciro su na baje masa. Ga sarakuna cikin alkyabba, ga laima tana juyawa, ga 'yan lifidi, ga rumfar manyan baƙi can nesa. Mutum ɗaya ne babu a ciki, kuma shi ne dalilin zuwana wurin.

Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Manomi ne a Sifawa, mai gero da dawa da ɗan wake, ba shi da sarauta ko ta unguwa. Abin da ya raba shi da sauran manoma shi ne akawal ɗin da ke ɗaure a turke bayan zaurensa. Yana cikin mutanen da in hakimi zai hau sai an aika musu, su ɗaura sirdi su rufa masa baya.

Tun saura mako uku ya shiga shiri. Damina ta faɗi, kowa na gona yana shuka, shi kuwa ya raba ƙarfinsa biyu. Da asuba ya kwance dokin ya fita da shi kilisa, ya dawo ya jiƙa masa dusa da kanwa, ya zuba masa harawar da ya ɓoye tun kaka, sannan ya saɓi kayan shuka ya bi 'ya'yansa. Sirdin ya kai wa baduku aka sake masa majayi. Likkafa da linzami ya zauna ya goge da toka da tsamiya har suna ɗaukar ido. Jalalar da ya gada wurin kakanmu asu ya ci mata gefe, matarsa ta kwana biyu da allura a hasken fitilar ƙwai tana toshe wuraren da zare mai kama da na asali. Ban taɓa jin an tambaye shi nawa ya kashe ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Na dai san ya sayar da tunkiya.

Ni a lokacin ɗalibi ne a birni, na ari kyamara wurin wani abokina. Su Kawu sun tashi ana gobe da yamma a bisa dawakinsu, suna tafiya sannu don kada dabbobin su jigata. Ni na shiga mota. Kuma gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba sai yau ita ce, ban so abokaina su gan ni cikin tawagar ƙauye ba. A raina biki na birni ne, mu kuwa 'yan cika fili ne.

Ranar ta kai rana. Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo yana zaune, Shugaba Obasanjo ya zo, Gwamna Attahiru Bafarawa ne mai masaukin baƙi, tawagogin masarautun da kakanninsu suka karɓi tuta suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. An zaɓi watan ne domin cikin Yunin 1804 aka gwabza a Tabkin Kwatto. Ƙura da gumi da ƙarar algaita suka haɗu, mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Na kutsa har na samu gaba. Da aka zo kan hakiman ƙasar Sakkwato, na duba kyamara na ga saura hoto uku. Na hango akawal ɗin nan, na hango Kawu ya miƙe bisa likkafa ya ɗaga hannu yana jinjina, idonsa yana yawo cikin jama'a. Na san ni yake nema. Na sauke kyamarar, na ce bari in adana ukun nan, wataƙila wani babban sarki ya sake giftawa.

Bayan mako ɗaya na kai masa hotunan Sifawa. Yana zaune a zaure bisa buzu, ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya bi su ɗaya-ɗaya, yana kai kowanne kusa da fuska, har ya kai na ƙarshe. Ya sake komawa farko.

“To ɗana, mu hwa? Ba ka gam mu ba?”

Na ce, “Kawu, ku yi haƙuri, fim ne ya ƙare.”

Ya mayar da su cikin ambulan, ya daidaita bakinta, ya miƙo mini. “Ba komi. Amma ka sani, wanga taro da kag gani ba birni anka haihe shi ba. Dawakin nan duka, turakun ƙauye anka kwanto su. Makaɗan nan, ka bi su ka ga inda suka kwana. Birni hili ɗai ta ba da.”

Ban ba shi amsa ba, kuma ban fahimce shi ba a ranar. Na ɗauka ɓacin ran tsoho ne.

Abin kunyar ma shi ne, wanda ya tashi a Sifawa bai kamata a koya masa wannan karatu ba. Garinmu ya riga birnin zama mazaunin Shehu. Bayan hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, da zaman Gwandu, da faɗuwar Alkalawa a 1808, nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauka wajen 1810, ya zauna har 1815. Ɗan'uwansa Abdullahi yana Boɗinga, ƙafa da ƙafa da shi. Ɗansa Muhammadu Bello yana can yana gina Sakkwato, wadda ya kafa a 1809. A zaman Sifawa ne, a 1812, aka raba ɗawainiyar mulki, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Shehu ya koma ga abin da ya fi so, karantarwa da rubutu, almajirai da masu ƙara da jakadu suna ta kwararowa ta wannan hanya da yau motocin Jega da Birnin Kebbi ke wucewa a guje ba tsayawa. Shekara biyu kacal ya yi a Sakkwato, Allah ya karɓi abinsa a 1817. Wato a ranar da ake bikin shekara 200, mahayan da na raina sun fito ne daga garin da ya riƙe Shehu fiye da yadda birnin ya riƙe shi yana raye.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da batunmu, wanda sai daga baya na karanta. Gardamar kiɗa da shagali, wadda har gobe muke yi, tsakanin Sifawa da Boɗinga aka yi ta da alƙalami. Malam Abdullahi mai tsanani ne a kanta. Shi da kansa ya ba da labarin cewa lokacin da ya sauka Kano a 1807, ya sa an mayar da gangunan da ya tarar komayen zuba wa dawaki abinci. Shehu ma ya soki kaɗe-kaɗen fadojin da ya yaƙa. Amma da mulki ya zo hannu, jama'a ta yi yawa, sai ga shi a Najmul Ikhwan, wanda ya rubuta a 1812, yana sassautawa a kan irin su ganga da tuta da tufafin ado da laƙabin sarauta, yana jan hankalin almajirai kada su yi saurin hukunta mutane a abin da malamai suka yi saɓani a kansa. Abdullahi bai gamsu ba, ya mayar da martani a Liya'us Sulɗan a 1813. Wa da ƙane ne, malami da ɗalibinsa, tafiyar ɗan lokaci ce tsakanin gidajensu, kowa ya kafa hujjarsa, kuma ba su rabu ba.

Wannan ya sa nake ganin Sakkwato ba ta taɓa zama garin jerin hawa irin na Kano ba, inda bayan Hawan Idi ake Daushe da Nasarawa da sauransu. Shagalinta a daure yake da linzami. Duk da haka a fadarta Salihu Jankiɗi ya yi taushi, kuma ƙasarta ce ta haifi su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Ɗan'anace. Ka duba su da kyau, ba ɗan birni a cikin waɗannan huɗu. Daga garuruwa da ƙauyuka suka taso, a gaban hakimai da 'yan dambe da manoma suka goge, kafin rediyo ta ɗauki muryarsu.

Ina yaro, shekarar garinmu tana da gaɓoɓi da kowa ya sani ba tare da an liƙa takarda ba. In an ɗaure gero an cika rumbu, sai a share fili don kokawa. Ina tuna daren farin wata, an zuba yashi, an yi da'ira, yara a gaba a zaune, manya a tsaye, mata can gefe da tallan ƙosai da fura. Makaɗi ya saɓa ganga ya fara taken wani ƙato daga ƙauyen maƙwabta, sai ka ga mutumin ya miƙe jikinsa yana tsuma, ya ɗebi ƙasa ya murza a tafi. Wanda aka kayar a bana zai kwashe shekara yana jiran ramuwa, kuma a wannan jira ne ƙauyuka biyu ke sanin juna, har aure ya shiga tsakani. Mahauta suna da nasu damben. Azumi in ya kai goma yara su fito tashe. Fulanin da ke kewaye da mu su yi sharo. Saukar karatu kuwa rana ce ta unguwa duka, a zagaya da yaro da allonsa mai zayyana gidajen dangi. Ranar Salla hakimi ya hau daga Idi, dawaki su yi sukuwa a ƙofar gidansa, mu bi su da gudu har ƙura ta rufe mana sababbin riguna.

Ba zan ce duk abin da ke cikin waɗannan tarurruka alheri ne ba. Akwai tsafi a dambe da kokawa, akwai cuɗanyar da ba ta dace ba, akwai waɗanda suka sayar da hatsin gida suka yi kari ga makaɗi. Malaman da suka yi wa'azi a kan haka sun faɗi gaskiya. Inda na saɓa da wasunsu shi ne, maimakon a tsince tsakuwa sai aka zubar da shinkafar duka. Shehu da ya zauna garin nan bai yi haka ba. 'Yarsa Nana Asma'u ma ba ta yi ba. Da ta so kai karatu ga matan karkara, ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, alamar da matan ƙasar suka riga suka sani ta shugabancin mata tun zamanin Gobir, sannan matan da ake kira 'yan taru suka riƙa tasowa ƙungiya-ƙungiya daga ƙauyuka suna zuwa wurinta. Ta karɓi abin da mutane suka saba da shi ta cika shi da ilimi.

Sai dai ɗora wa wa'azi laifin duka zalunci ne. Abin da ya ci turken Kawu ciki ne. Doki yana cin abin da zai ciyar da yara biyu, kuma ba ya kawo ko sisi. Babur ya zo, yana shan mai amma yana dawowa da kuɗin cefane. Samarin da za su yi kokawa bayan kaka suna cin rani a Legas da Fatakwal da Abuja tun kafin a gama sussuka. Lasifika da waƙar cikin waya sun kori makaɗin biki, don sun fi shi araha. Ɗan makaɗi ya ga ubansa ya tsufa ba shi da komai, ya ƙi gadon. Daga baya rashin tsaro ya zo ya hana taron dare a wurare da yawa na jihar, inda mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ɗauki nasa kaso, a hankali, ba wanda ya yi shela.

Mu kuma da muka yi boko muka ba da namu taimako ta hanyar kau da kai. Mun iya yabon hawan Kaduna na 1956 da aka yi wa Sarauniyar Ingila, da na FESTAC a 1977, muna kiransu abin alfahari. Ba mu taɓa tambayar wa ya ciyar da dawakin ba, ko ina suka koma da aka watse. Gwamnati takan ware kuɗi ta yi gagarumin taro a birni, a kafa rumfuna, a kawo masu rawa daga ƙananan hukumomi cikin motoci, a ba su riguna iri ɗaya, su yi minti biyar gaban manya, a sallame su. Sun zama abin kallo a wasan da a gida su ne masu shi. In an ci gaba da ɗiba daga rijiya ba a yashe ta, ranar da za a jefa guga a ji ƙasa tana nan tafe. Wannan shi ne abin da Kawu ya gaya mini a zaure, ya ɗauke ni shekaru kafin in ji shi.

Abubuwa biyu suka ƙarasa buɗe mini ido. Na farko Argungu. Bikin kamun kifinta ya samo siffarsa ta yanzu ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Ba a ɗauke shi an kai babban birni ba. Yana nan a Matan Fada, masunta da homa da gora su ne masu abinsu, duniya ce ke tattaki ta same su, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da ake karewa a 2016. Ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, amma da aka dawo da shi a 2020 an tarar da masunta a wurin, domin su ba su daina su ba. Hawan Kano ma ya shiga wannan jeri a 2024, a daidai lokacin da rikicin sarauta ya sa ake dakatar da shi. Shaidar duniya ba ta ɗaura wa doki sirdi.

Na biyu yana ƙarƙashin hancinmu. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara a 1986, ita ce taron da Sakkwato ta haifa ya kuma ƙi mutuwa. Dalilin a bayyane yake. Daga ƙasa take tasowa. Makaranta ta fitar da ɗalibi, ya fafata a ƙaramar hukuma, ya je jiha, sannan ƙasa. Yarinya daga Boɗinga ko Shagari ko Yabo ta san akwai tsani, kuma matakinsa na farko yana ƙofar gidansu. Da kokawa da sukuwa da kiɗan gargajiya sun samu irin wannan tsani, da hakimi yana da ɗan abin da zai ciyar da dawaki biyar, da makarantun firamare suna gayyatar tsoffin makaɗa da badukai su nuna wa yara, da birni bai rasa abin nunawa ba. Kuɗin rumfar kwana ɗaya zai riƙe filin kokawar gunduma shekara guda.

Ranar da aka kawo gawar Shehu Shagari a ƙarshen Disambar 2018, na tsaya bakin hanya ina kallon jerin motoci sun nufi garinsu. Mutumin da ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, Turakin Sakkwato, a Shagari aka rufe shi, ƙasar duka ta bi shi can. Na tuna malamin makaranta ne da ya koyar a Argungu, ya kuma rubuta Waƙar Nijeriya da Hausa domin yara su san ƙasarsu. Ina tsaye a wurin na ji nauyin ambulan ɗin nan ya dawo mini sabo.

Kawu ya riga shi da shekaru. Kafin rasuwarsa ya sayar da akawal, wata shekara da damina ta yi gardama. An ce ranar da mai saye ya zo, shi ya kwance ragamar da hannunsa ya miƙa, ya shige ɗaki bai fito ba sai la'asar. Babban ɗansa kabu-kabu yake yi a birni yanzu, yana riƙe da gidan, Allah ya yi masa albarka. Ba mu da hoton Kawu a kan doki ko ɗaya. Wanda muke da shi na katin zaɓe ne.

Sallar da ta wuce na je gida. Dawaki huɗu na ƙirga a bayan hakimi, biyu daga ciki aro ne, sauran rakiyar babura ne da motoci. Da yamma na shiga zauren Kawu na tarar da sirdin yana rataye inda ya bar shi, fatar ta bushe ta tsage, jalalar tana naɗe cikin buhu. Wani jikansa ɗan shekara tara ya biyo ni, ya tsaya yana kallo ina kakkaɓe ƙura.

“Baba, wanga mi ne?” Likkafa yake nunawa.

Na sauko da sirdin na ɗora bisa turmi, na ɗaga yaron na zaunar da shi, na sa ƙafarsa a ciki. Ba ta kai ba, sai da na naɗe igiyar sau biyu. Na faɗa masa sunan kowane abu yana maimaitawa, majayi, linzami, ragama, jalala. Na nuna masa inda kakarsa ta yi ɗinki, zaren ya ɗan fi na asali haske. Ya tambaye ni yadda kakansa yake yi in ya zo gaban sarki. Na ce ya miƙe tsaye bisa likkafa, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama. Ya yi. Na ciro waya na ɗauke shi.

Gobe da safe za mu kai sirdin wurin baduku. An ce saura mutum ɗaya a Boɗinga da ya iya wannan ɗinki.